Maharbin Ingila a labarin yaƙi: gwarzo ne ko ɗan hari?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan wani rubutu da ya cije mini. Ina rubuta dogon labari a kan yaƙin Ingila da Faransa, wanda ake kira Yaƙin Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453. Jarumin labarin maharbi ne, ɗan ƙauye, ya bi rundunar Sarki Edward na Uku ya ƙetare teku a 1346. Na tsara komai ya nufi gumurzun Crécy, inda 'yan baka suka karya baraden Faransa.

Ga inda gizo ke saƙar. Rundunar ta sauka Normandy ranar 12 ga Yuli, ba a yi Crécy ba sai 26 ga Agusta. Mako shida ke nan a tsakani, kuma abin da aka yi a cikinsu ƙona garuruwa ne da wawashe dukiyar mutane. Yawancin labaran maharba da ake rubutawa kan ratsa wannan wuri da gudu, ko su sa jarumin ya tsaya gefe yana jin takaici, sauran sojoji na ta'asa. To ni yaya zan yi da nawa? In ɗauke kai, in tsame shi, ko in sa hannunsa dumu-dumu a ciki? In na sa, mai karatu zai ci gaba da bin sa kuwa?

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Nasiru, ni mai karatu ne, kuma abin da ke kai ni ga irin waɗannan labarai shi ne fagen fama. Duba Crécy ɗin kawai ka ga abin da ke hannunka. Mutanen Ingila sun yi sahu a kan gangare tun da rana, sun huta. Rundunar Sarki Philip na Shida na Faransa, wadda ta fi su yawa nesa ba kusa ba, ta iso da yamma a gajiye. Aka tura sojojin haya na Genoa gaba, masu baka mai kunama, alhali manyan garkuwoyin da suke fakewa a bayansu in za su ɗana kibiya suna can baya cikin kaya. Kafin su ɗana ɗaya an sako musu uku ko huɗu. Suka juya, baraden Faransa suka ɗauka tsoro ne, suka bi ta kansu da dawakai. Daga nan hari bayan hari har dare. Ga Sarkin Bohemia, John, makaho, ya sa aka ɗaure linzaminsa da na mutanensa don a kai shi tsakiyar daga, can ya mutu. A ɓangaren Ingila kuma ga Yarima Edward, ɗan sarki, ɗan shekara 16 a sahun gaba.

Kana da wannan duka, me zai kai ka ɓata babi biyar a kan ƙona rumbuna? Labari kake rubutawa, ba rahoton kotu ba. Shafi biyu ya isa, ka wuce.

Malam Garba: Ɗanlami, ɗana, bayaninka na Crécy ya yi daidai, amma shawararka ce ban yarda da ita ba. Ƙona rumbunan nan shi ne yaƙin. Edward bai da mutanen da zai zaunar a kowane gari ya riƙe ƙasar Faransa, don haka dabararsa ita ce hari a kan dawakai: runduna ta baje ta yi faɗi, ta ratsa ƙasa tana cinye abin da ta iya, tana ƙone abin da ba ta iya ɗauka. Manufa biyu ce. A karya harajin da Philip ke samu, sannan a nuna wa talakawansa cewa sarkinsu ba ya iya kāre su, har kunya ta tilasta masa fitowa yaƙi a inda abokin gaba ya zaɓa. Wa ke yin wannan aiki? Maharba masu doki su ne kan gaba. Dokin ba don yaƙi ba ne, in an zo daga sauka suke yi su yi harbi a ƙasa. Don saurin isa ƙauye ne kafin mutane su gudu da shanunsu.

Nasiru, ka tsaya sosai a kan Caen, 26 ga Yuli. Gari ne babba mai arziki. Ba ma da umarnin sarki aka fara kutsawa ba: maharba da ƙananan dakaru ne suka afka wa gadar da ke shiga sabon gari, aka aiko su janye suka ƙi ji. Wasu suka ratsa kogi a ƙasa don ruwa ya ja baya. Kafin dare gari ya faɗi, an kashe dubban mutane, an keta mutuncin mata, an kama Count na Eu wanda shi ne babban kwamandan Faransa. Ganimar da aka kwasa sai da jiragen ruwa aka kai ta Ingila. Kuma fa Edward tun saukarsa ya yi shelar kada a taɓa coci, kada a taɓa mata da yara da tsofaffi. Shelar ta tsaya a baki.

Sannan ka tambayi kanka me ya fito da yaronka daga ƙauyensu. Maharbi mai doki sisi yake karɓa a rana, kwabo shida, na ƙasa kuma kwabo uku. Ƙwararren kafinta a gida bai samun sisi a lokacin. Barde mai cikakken makami sule guda. Amma albashi kan makara, wani lokaci watanni. Abin da kowa ya sa wa ido ganima ce, kuma akwai tsarin rabonta, shugaban ƙungiya na da kasonsa a cikin abin da yaransa suka samo. Akwai kuma waɗanda suka shigo don neman takardar yafiyar sarki. Mutum ya yi kisa ko fashi a gida, ya je yaƙi, a yafe masa. Ɗaruruwan irin waɗannan takardu aka bayar bayan Crécy da ƙawanyar da aka yi wa garin Calais, kuma suna nan a ajiye da sunayen masu su da laifin kowa. In ka cire wannan duka, maharbin da ya rage maka ba na 1346 ba ne.

Ɗanlami: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma a cikin dubban mutane ai ba za a rasa mai tsoron Allah ɗaya ba. Me zai hana shi ne jarumin?

Anti Rabi: Ɗanlami, ba za a rasa ba, amma wannan ɗayan shi ne ya gundure ni a matsayina na mai karatu. Kowane marubuci shi yake ɗauka. Gari na ci da wuta, abokansa na fasa ƙofofi, shi kuwa sai ya ji ihun wata yarinya, ya shiga ya cece ta, kuma ba ta taɓa zama mummuna ko tsohuwa ba, kullum kyakkyawa ce 'yar babban gida. Kafin babi uku ta faɗa son sa. Mutumin da rundunarsa ta kashe mata uba da safe! Wannan wanke jarumi ne da hawayen mace, kuma ina jin zafinsa duk lokacin da na ci karo da shi.

Nasiru, ƙanena, tambayarka ita ce ko mai karatu zai ci gaba da bin sa. Zai bi, in ka bari ya san shi kafin ya ga laifinsa. Nuna mana uwarsa, bashin da ke kan gonarsu, yadda kafaɗarsa ke ciwo tun yana yaro saboda jan baka. Sai ka kai mu Caen ka sa shi ya ɗauki abin da ba nasa ba daga hannun mai shi, idonsa cikin idonsa. Ba sai ka mai da shi dodo ba. Akwai iyakar da zai iya ƙin ƙetarewa, amma kada iyakar ta zama tun daga bakin ƙofar gari.

Abu na biyu, ka ba mutanen ƙasar baki. Manomin Faransa ya sha wuya ta fuska biyu: baƙi su ƙone masa gida, sarakunansa su zo karɓar harajin yaƙin da ba su kāre shi ba. Shi ya sa a 1358, shekara biyu bayan an kama sarkinsu a Poitiers, talakawan arewacin Paris suka yi bore suka far wa gidajen masu sarauta, aka murƙushe su da kisan da ba a magana. In labarinka bai da murya ko ɗaya daga cikin waɗannan, rabin labari ka rubuta.

Injiniya Bashir: Ni ta ɓangaren kayan aiki zan shigo, don nan ma marubuta kan yi sakaci. Anti Rabi ta ambaci kafaɗa, kuma gaskiyarta. Mafi yawan abin da aka sani a kan bakan nan daga jirgin yaƙin Mary Rose ya fito, wanda ya nutse a 1545 aka ciro shi a 1982. An sami bakuna fiye da 130 lafiyayyu da kibau sama da 3,500. Tsawon baka kusan mita biyu. Ƙarfin da ake bukata a ja tsirkiya har kunne, bisa kiyasin masana, ya fara daga wajen kilo 45, wasu sun haura kilo 70. Ƙasusuwan wasu daga mutanen jirgin sun nuna alamar wannan aiki a kafaɗa da gadon baya. Jirgin dai ya zo shekara ɗari biyu bayan Crécy, amma shi ne shaida mafi kusa.

To wanda bai fara tun yana yaro ba, ba zai ja irin wannan ba. Kada ka rubuta mana wani ya tsinci baka ya ƙware cikin wata guda. Kuma ba da hannu kawai ake ja ba, da baya ne da dukkan jiki.

Itacen da aka fi so shi ne wanda suke kira yew, kuma mai kyaun daga waje ake shigo da shi, Sifaniya da Italiya. Ana fafe sandar ne yadda ɓargon itacen, mai jure matsi, zai fuskanci maharbi, farin bayan kuma, mai jure miƙewa, ya fuskanci waje. Kibau dami-dami ake ba su, 24 a dami. Gashin dinya ake liƙa musu, har a 1417 Sarki Henry na Biyar na Ingila ya ba da umarnin a cire gashi shida daga kowace dinya a kai Landan. A fagen fama ba kwari a baya suke ratayawa ba, a ɗamara suke soke kibau ko su kafe su a ƙasa gabansu.

Abu biyu da za ka kiyaye da shekararka. Umarnin nan da ya tilasta wa maza koyon harbi ranar Lahadi da ranakun hutu, ya hana su ƙwallo da sauran wasanni, na 1363 ne, bai zo ba tukuna a 1346. Turakun nan masu tsini da maharba ke kafawa gabansu kuma da gumurzun Agincourt aka san su, 1415, zamanin Henry na Biyar. A Crécy ramuka aka ce sun haƙa don dawakai su karye.

Nasiru: Injiniya, Allah ya saka. Ramukan nan za su yi mini amfani, don ina son a ga suna aiki da hannu kafin yaƙi. Tambaya: kibiyar tana huda sulke kuwa?

Ɗanlami: Tana hudawa mana! In ba ta hudawa me ya kashe baraden?

Injiniya Bashir: Ya danganta da wane sulke, wace shekara, kuma daga wane nisa. A 1346 yawancin barade sulken zobba ne a jikinsu, da 'yan farantan ƙarfe a ƙirji da gaɓoɓi. Wannan kibiya mai nauyi daga kusa tana iya shigarsa. Zuwa 1415 mai kuɗi ya rufe jikinsa ruf da farantin ƙarfe, kuma gwaje-gwajen da aka yi a zamaninmu sun nuna ƙirjin irin wannan, in ƙarfen mai kyau ne, da wuya kibiya ta ratsa shi. Sai dai ta sami hammata, ko ramin ido a kwalkwali, ko wanda ƙarfensa mai araha ne.

Doki shi ne lagonsu. A Poitiers, 1356, da aka ga kibau na zamewa daga gaban dawakai masu sulke, sai Earl na Oxford ya zagaya da maharba gefe suka riƙa harbin cinyoyin baya. Dokin da kibiya ta soke ba ya jin linzami, zai kayar da mai shi ya tattake na baya.

A Agincourt kuwa yawancin Faransawa a ƙasa suka taho, cikin gonar da aka huɗe ruwa ya jiƙa, taɓo har ƙauri. Ruwan kibau ya sa dole su rufe fuskar kwalkwali su sunkuyar da kai, ga nauyi, ga ƙarancin numfashi. Daji ta dama da hagu ya matse su har wani bai iya ɗaga hannu. Da kibau suka ƙare, maharba suka ajiye baka suka shigo da gatura da gudumar da suka kafa turaku da ita. Da yawa a nan aka gama da su.

Ɗanlami: To ai ka ga abin da nake faɗa. Talaka da ba shi da takalmin kirki ya kayar da ɗan sarauta mai sulken da ya fi gonar ubansa tsada. Wannan shi ne daɗin labarin, kuma ba ƙarya ba ne. Har alamar nan ta zagi da yatsu biyu da mutanen Ingila ke yi, an ce daga nan ta samo asali, don Faransawa na yanke wa maharba yatsu.

Malam Garba: Maganar yatsu biyu ba ta da tushe a rubutun zamanin, ɗana, daga baya can aka ƙago ta. Abin da ke rubuce shi ne, Jean de Wavrin, wanda ya halarci Agincourt yana matashi a ɓangaren Faransa, ya ce Henry ya gaya wa mutanensa Faransawa sun yi alwashin yanke yatsu uku na hannun daman duk maharbin da suka kama. Jawabin zuga runduna ne.

Amma ka taɓo abin da ya fi komai muhimmanci ga Nasiru. Yaƙin manya a wancan zamani yana da ƙa'ida, ita ce fansa. Barde in ya ga an fi ƙarfinsa sai ya miƙa wuya, a tsare shi da mutunci, danginsa su biya. Sarki John na Biyu na Faransa da aka kama a Poitiers, kuɗin zinariya miliyan uku aka yanka masa a yarjejeniyar Brétigny ta 1360. Maharbi fa? Ba mai biyan ko kwabo a kansa, don haka in an rutsa shi ba dalilin barinsa da rai. Ya san da haka tun kafin ya bar gida.

Ka ga abin da ya faru a ƙarshen Agincourt. Henry ya ji tsoron sabon hari, ga fursunoni da yawa a bayan sahunsa, ya ce a kashe su. Baradensa suka noƙe, don kowane fursuna dukiya ce a hannun wanda ya kama shi. Sai ya tura wani hafsa da maharba 200 suka yi aikin. Su aka ba, saboda su ba sa cikin wannan ƙa'ida ta manya, ba ta kāre su, ba ta kuma ɗaure su. Marubucin da ya shiga zuciyar ɗaya daga mutanen nan ɗari biyu a wannan sa'a, ya sami abin da ya fi ruwan kibau girgiza mai karatu.

Usman: Ku yi haƙuri in yi katsalandan. Ni abin da ban gane ba, me ya kai Bahaushe rubuta labarin maharban Ingila? Namu sun ƙare ne? A Tafkin Kwatto, 1804, jama'ar Shehu 'yan baka ne galibinsu, dawakansu kaɗan, suka karya rundunar Yunfa ta Gobir mai barade da 'yan lifidi. Wa ya rubuta mana wannan a matsayin labari?

Anti Rabi: Usman, ka kawo abu mai kyau, kuma ina fata kai ko wani ya rubuta shi. Amma ɗaya ba ya hana ɗaya. Mai karatun Hausa na da haƙƙin ya shiga Normandy ta 1346 da harshensa, ba sai ya bi ta wani harshe ba. Nasiru ya ci gaba da abin da ya ɗauko.

Usman: Na karɓa, Anti. Zan bi in ga yadda za ta kaya.

Sadiya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ke ba ni mamaki a labaran nan shi ne kowa da takobi ko kibiya yake mutuwa. Cuta fa? Kafin Agincourt, Henry ya yi wa garin Harfleur ƙawanya daga tsakiyar Agusta zuwa 22 ga Satumba, 1415. Zafi, ruwa maras kyau, dubban mutane da dabbobi a wuri ɗaya: atini ya ɓarke. Bai bar manya ba, ya kashe Bishop na Norwich, aminin sarki, da Earl na Suffolk. Da yawa aka mayar gida a jirgi. Waɗanda suka yi tattaki zuwa Agincourt wasunsu da ciwon a jikinsu suka tafi, ga yunwa.

Yaya Nasiru, kai ma kana da irin wannan a gabanka. Bayan Crécy rundunar ta zauna a bakin Calais kusan shekara guda, har Agustan 1347. Zaman sansani na wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne. Shekara na zagayowa kuma annobar nan ta 1348 ta shigo, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Har 'yar Sarki Edward, Joan, ta rasu da ita a wajen Bordeaux tana hanyar zuwa gidan aure. Maharbinka zai iya komawa ƙauye da jakar ganima ya tarar ba wanda zai ba.

Game da rauni kuma, akwai labarin gaske da ke nuna yadda ake cire kibiya. A yaƙin Shrewsbury, 1403, Henry yana yarima ɗan shekara 16 kibiya ta shige shi a fuska gefen hanci, kanta ya maƙale can cikin ƙashi. Likita John Bradmore ya riƙa faɗaɗa ramin a hankali da 'yan tsinke da ya naɗe da ƙyalle ya tsoma a zuma, ya ƙera wani ɗan ƙarfe mai murɗawa ya kamo kan kibiyar ya zaro, ya wanke da giya, ya yi ta jinya har ya warke. Ɗan sarki ke nan. Talakan soja kuwa sai abin da abokinsa ya iya yi masa.

Nasiru: Sadiya, wannan maganar ta annoba ta buɗe mini ƙofa. Da a Crécy na yi niyyar rufewa.

Malam Garba: Kada ka rufe a Crécy. Wannan ita ce ɗabi'ar irin waɗannan labarai, Crécy, Poitiers, Agincourt, sai a sauke alƙalami, har mai karatu ya ɗauka Ingila ce ta ci yaƙin. Faransa ce ta ci. A Patay, 18 ga Yunin 1429, zamanin Joan ta Arc, budurwar da ta ja rundunar Faransa, baraden Faransa suka auka wa maharba kafin su gama kafa turaku, suka yi musu kisan kiyashi. Baka na aiki ne in an sami wuri mai kyau, an sami lokacin shiri, abokin gaba kuma ya yarda ya taho ta gaba. A Formigny, 1450, igwa biyu suka tsokano maharban daga inda suka kafe. A Castillon, 1453, igwogin Jean Bureau na Faransa suka ragargaza rundunar Talbot, kwamandan Ingila, shi ma ya mutu a wurin. Calais kaɗai ta rage wa Ingila a Faransa, ita ma ta tafi a 1558.

In kana son ka bi yaronka har tsufa, akwai wata hanyar. Bayan sulhun 1360 dubban sojoji suka rasa aiki, ba abin da suka iya sai yaƙi. Suka haɗu ƙungiya-ƙungiya suna kama garuruwa da gidajen sarauta a Faransa, suna karɓar kuɗin kāriya daga ƙauyuka. Wasu suka gangara Italiya suna sayar da kansu ga biranen da ke faɗa da juna. John Hawkwood, mutumin Essex, ta nan ya bi, ya mutu a 1394 yana babban kwamandan Florence, hotonsa a kan doki na nan a bangon babban cocin birnin.

Ɗanlami: Malam da Anti, na saurara, amma har yanzu ina kan bakana ta fuska ɗaya. In Nasiru ya cika labarin da ƙone-ƙone da atini da annoba, matasa irina za su ajiye shi a babi na huɗu. Mutum na so ya ji zuciyarsa na bugawa, ya so wani ya yi nasara. Kada a hana mu wannan.

Anti Rabi: Ba wanda ya ce a hana. Ya rubuta Crécy da dukkan ƙarfinsa, mu ji ƙarar tsirkiya, mu ji ƙasa na girgiza. Ni ma ina so. Sai dai in mun riga mun ga abin da ya yi a Caen, bugun zuciyar zai zo da nauyi, muna so ya tsira kuma muna tuna matar da ya ƙwace wa mayafi. Gargaɗina ɗaya, Nasiru: kada ka sa ya yi kuka dare ɗaya a gaban limamin coci shi ke nan an wanke shi. Abin ya bi shi har ƙarshen littafi.

Nasiru: Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ga abin da na tsayar. Zai shiga rundunar ne don neman takardar yafiya, saboda ya kashe mutum a rigimar gona. A Caen yana cikin waɗanda suka afka wa gada, kuma zai yi wawaso da hannunsa. Ɗanlami, Crécy babi uku zan ba ta, ba zan rage maka komai ba. Zan wuce Calais in kai shi gida a shekarar annoba. Abin da ya rage mini shi ne muryar ɗan ƙasa da Anti ta ce. Ban son in ƙago wata 'yar sarauta. Malam, akwai wani talaka da tarihi ya ambata a wannan tafiya?

Malam Garba: Akwai. Kwana biyu kafin Crécy, Edward ya shiga tsaka mai wuya: Philip na bayansa, kogin Somme na gabansa, an karya gadoji ko an tsare su. Froissart, marubucin tarihin zamanin, ya ce wani ɗan yankin da ke cikin waɗanda aka kama, Gobin Agace, shi ya nuna musu mashigin Blanchetaque, inda ake iya ratsawa in ruwan teku ya janye. Suka isa da asuba ranar 24 ga Agusta, suka jira ruwa ya sauka. Godemar du Fay, kwamandan Faransa, na tsaye a ɗaya gaɓar da mutanensa. Maharba suka shiga ruwa suna harbi, barade na biye, har suka buɗe hanya. Kafin Philip ya iso ruwa ya dawo ya rufe mashigin. Aka sallami mutumin da abokansa, aka ba shi kuɗi da doki.

Anti Rabi: To ga mutuminka nan. Wanda ya ceci rundunar da ta ƙone ƙasarsa don ya ceci wuyansa, sannan dole ya koma ya zauna cikin maƙwabtansa da dokin da kowa ya san inda ya samo shi. Ka riƙa ba shi babi ɗaya bayan kowane biyu na maharbin.

Injiniya Bashir: In za ka rubuta ratsa kogin, ka tuna tsirkiyar ta zaren rama ce irin tasu, ba ta son jiƙa. Su riƙe baka sama da kai har su kai inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kuma kowa na da tsirkiyar ko-ta-kwana a ɓoye a wuri busasshe.

Nasiru: Na rubuta wannan ma. Da babin Caen zan fara, in na gama zan kawo shi nan ku duba mini, musamman Malam ta wajen tsarin garin da gadar.

Malam Garba: Kawo shi. Ka tuna garin kashi biyu ne, tsohon gari da ke ƙarƙashin ganuwar fada, da sabon da ke kan tsibiri tsakanin rassan kogi. Masu kuɗin a tsibirin suke, can aka ja daga, can kuma aka fi ɓarna. Fadar kanta ba ta faɗi ba a ranar.